Shafi Goma Sha Ɗaya

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
akwai wani akwatin katako mai bin dogo,
ya hau tudu, ya sauko, ya sake hawa.
Eulalia ce ke riƙe da birkinsa
shekara ashirin da shida ke nan.

Minti ɗaya da rabi hawa,
minti ɗaya da rabi sauka.
Kafin fasinja su cika, shafi guda ne rabonta,
biyu in ruwan sama ya kulle mutane a ɗaka.

Littattafan gwanjo take saye a bakin kasuwa,
masu warin gishiri da tsohon kabad.
Ba ruwanta da na tarihi.
A ba ta yarinyar da ke kiwon gizagizai,
ko maƙerin da macijin wuta ke hura wa zuga,
ko mutum biyu da suka tsani juna a babin farko.
Ta san inda za su ƙare, ai ba yau aka haife ta ba,
jan ƙafar da suke yi ne ke kai mata karo.

Cikin sanyin Yuli ta samo wani mai koren bango:
mai fito a kogin da ke gudu da baya,
da matar da ke biyan kuɗin jirgi da tunaninta,
kowace ƙetara ta manta abu ɗaya.
Saura sunansa kaɗai ya rage mata
sai littafin ya tsaya cak.
An yage shafi goma sha ɗaya.
Wataƙila wani ya naɗe kifi da su.

Kwana uku tana ja wa fasinja tsaki.

Baltasar mai ɗinkin raga ne ya leƙo,
hannunsa duk kanta, hularsa na ɗiga.
Ya dubi bangon, ya ce, "Na san wannan."
Ya ce matar ta ƙi ƙetarar ƙarshe,
suka gina bukka a tsakiyar ruwa.
Ran Alhamis ya ce mai fiton nutsewa ya yi.
"Ran Litinin cewa ka yi sun yi aure."
Ya sosa ƙeya. "Wancan bugun Ajantina ne."

Ta lura ba ya kallon rubutu, hoto yake kallo.
Kullum tabarau ɗinsa na cikin wata rigar.
Ba ta ce uffan ba.
Ta matsar da kujera kusa da murhun kananzir,
ta fara zuwa da kofi biyu.

A bakinsa kogin ya ƙafe sau ɗaya,
sau biyu ya juyo ya bi hanyar teku.
An haifi 'yan biyu, an yi yaƙi,
wata rana ma kare ya yi magana.
Ita kuma ta karanta masa farkon,
a hankali, yatsa kan layi,
wai don ta tuna masa.

Watan Nuwamba, ƙarƙashin tarin mujallu,
sai ga koren bangon, lafiyayye,
babu shafin da ya yi ciwon kai.
Ta juya shi, ta auna kaurinsa a tafi.
Ta biya. Kuɗin burodi biyu ne kacal.

Yana nan ƙarƙashin akwatin tsaba,
naɗe da jarida, ɗaure da zaren raga.
Wani dare takan taɓa ƙullin.

Ƙarfe shida ta yi. Jiragen ruwa sun kunna fitila.
Daga ƙasa ta ji tarin da ta sani.
Ta saki birki, igiya ta ɗauki kuka,
ta buɗe yagaggen daidai inda ya tsaya,
ta ɗora tukunya.